An gayyace ni aikin haɗin gwiwa da injiniyoyi da masu data, in shiga ko in fasa?

mai_zanen_manhaja

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema kafin ranar Litinin. Ni aikina dizain ne, wato zanen yanda manhaja za ta kasance a waya, inda maɓalli zai zauna, kala, girman rubutu da sauransu, kusan shekara biyu kenan ina yi amma duk ni kaɗai, mutum ya ce ga abinda yake so in buɗe Figma, manhajar da muke zane da ita, in zana in tura masa shikenan mun rabu. Toh yanzu wata da muka yi kos tare ta saka ni a wani guruf, wai suna haɗa tim na mutum bakwai, masu dizain biyu, injiniyoyi uku, masu data biyu wato masu nazarin bayanai, za a yi wata uku ana gina manhajar da za ta riƙa nuna wa mutum ingancin iskar inda yake, har ta yi hasashen yanda gobe za ta kasance daga bayanan da na'urorin auna iska ke tarawa. Ba biya, kowa daga inda yake zai yi, an ce awa 8 zuwa 10 a sati, in an gama kowa ya sa a fotfoliyonsa, wato tarin ayyukan da yake nunawa in zai nemi aiki.

Abin ya burge ni gaskiya amma wlh gabana faɗuwa yake. Jiya na leƙa guruf ɗin na tarar ana ta zuba, wannan ya ce ya buɗe repo, wancan ya ce sai an tsabtace data tukuna, wata ta ce ita API ɗin take jira, ni ko uffan ban iya cewa ba sai babban yatsa nake ta tura musu. Ban iya kod ba, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, Git ma sunansa kawai nake ji. Shin dole sai na koyi kod kafin in shiga irin wannan? Kuma waɗanda suka taɓa yi, me ya kamata in tambaya kafin in ce musu na amince, kar in je in zama kaya a wuyan mutane.

tsohon_injiniya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba kod ɗinki suke nema ba, da kod suke so ai suna da mutum uku. Ni na fi shekara goma ina rubuta kod kuma ba na tuna aiki ɗaya da ya rushe don mai dizain bai iya kod ba. Inda aiki ke rushewa shi ne wurin miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kowa ya yi nasa da kyau a ɗakinsa, sai an zo haɗawa a ga ƙofa ba ta shiga ganuwar da aka yi mata ba.

Wannan har manya ya ci. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, Mars Climate Orbiter, kuma da aka bincika sai aka ga ɓangare ɗaya na aikin yana fitar da lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗaya ɓangaren kuma yana karɓa a matsayin ma'aunin niyuton. Duk masana ne, ba wanda bai iya aikinsa ba, kawai abinda wannan ke miƙawa ba shi wancan ke zaton yana karɓa ba. Naku ba kumbo ba ne amma ciwon iri ɗaya ne.

Bari in faɗa miki yanda yake faruwa tsakanin irinku da irinmu. Kin zana shafi mai kyau, suna gajere, lamba ta zauna ɗas a tsakiya, hoto ya fito tar. Ni kuma na zauna zan gina sai tambayoyi su fara fitowa, in intanet ya yanke me mutum zai gani, in bayanan suna kan hanya ba su iso ba tukuna me zai gani, in sunan garin ya kai harafi talatin ya zai zauna a wannan ɗan akwatin, in mutum ya hana manhajar sanin inda yake fa, in wayarsa ƙarama ce fa. In ba ki zana waɗannan ba ni zan ƙirƙiro su da ƙarfe ɗayan dare ina gyangyaɗi, kuma na rantse miki ba za su yi kyau ba, ke kuma ki gani ki ce an ɓata miki aiki. Na taɓa yi da wani mai dizain da ya shafe sati uku bai nuna wa kowa komai ba wai sai ya kammala, ranar da ya kawo shafi arba'in ne masu kyan gaske, rabinsu sun dogara da bayanan da ba mu da su kuma ba za mu taɓa samu ba. Ya ji haushi, mu ma mun ji, sati biyu ba ya ko amsa gaisuwa a guruf. Don haka ki riƙa nuna aikinki tun yana ɗanye, ko zanen biro ne a takarda ki ɗauki hoto ki tura, injiniya ya ce wannan mai sauƙi ne, wannan kuma sati biyu zai ci. Tun ran gini ran zane.

Batun Git, kar ya firgita ki. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 don masu aikin Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, su riƙa bin diddigin wa ya canza me da kuma yaushe, shi kuma GitHub shafi ne da ake ajiye aikin a kai, Microsoft ta saye shi a 2018. Repo ɗin da kika ji ana faɗa ba komai ba ne illa jakar da duk fayilolin aikin suke ciki tare da tarihinsu. Ke abinda kike buƙata a ciki kaɗan ne, ki buɗe akawun, ki iya karanta jerin matsaloli da ayyukan da aka rubuta, ki iya sa baki a ƙarƙashinsu, in injiniya ya gama wani shafi ya nemi a haɗa shi da babban aikin ki iya shiga ki duba ki ce tazarar nan ba haka na zana ba. Yini ɗaya ya ishe ki. API kuwa yarjejeniya ce kawai, manhaja ta ce ba ni iskar gari kaza, saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, ta amsa da bayanai a wani tsari da aka shirya. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya nuna miki samfurin amsar, za ki ga duk abinda za ki iya sawa a sikirin yana ciki, abinda baya ciki kuma kar ki zana shi sai kin tambaya.

Abu ɗaya da ya ɗan tsaya min a rai shi ne yawanku. Mutum bakwai in kowa zai yi magana da kowa hanya 21 kenan, alhali mutum huɗu hanya 6 ce kacal. Ki tambaye su wa ke yanke hukunci in an saɓa. In aka ce miki "ai duk mu ne" toh ki sani ba kowa kenan.

yar_lissafi

Malam ya gama magana a ɓangarensu, ni bari in kawo namu na masu data don mu aka fi yi wa rashin fahimta. Mutane na ɗauka ana ba mu data mu danna wani abu amsa ta fito. Wlh 'yar uwa mafi yawan lokacinmu a shara da wankin data yake tafiya, na'ura ɗaya ta mutu kwana huɗu ba ta turo komai ba, wata ta turo lamba ƙasa da sifili wanda ba zai yiwu ba, wata agogonta na UTC ne wato lokacin bai ɗaya na duniya, wata na ƙasarsu, ga kwanan wata, fayil ɗaya ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris irin na Amurka wani kuma yana nufin 3 ga Afrilu, shi ya sa muke nacewa a rubuta shekara, wata, rana kamar 2024-04-03 kowa ya huta. Saboda haka in kika ga sati uku sun wuce masu data ba su nuna komai ba, ba barci suke ba.

Ke da za ki zana, abinda nake so ki riƙe shi ne modal ɗinmu, wato lissafin da ke fitar da lambar gobe, ba ya sani, hasashe yake. In ya ce lambar ingancin iskar gobe 80 ce, abinda yake nufi wataƙila tsakanin 60 da 100 ne. Ke kuma in kika zana ƙatuwar lamba 80 a tsakiyar sikirin ba wani ƙarin bayani, kin sa manhajar ta yi alƙawarin da mu ba mu yi ba, mai ciwon asma ya gani ya fita da safe, in abin ya saɓa ya daina yarda da ku gaba ɗaya. Yanda za a nuna wa mutum cewa akwai kokwanto ba tare da an rikita shi ba, wannan aikinki ne, mu ba mu iya ba, in aka bar mu jadawali mai layi shida za mu manna masa mu ce ya gane. A nan ne za su san amfaninki.

Tunda iska ce aikin naku, ki ɗan karanta kafin mitin na farko don kar ki zauna shiru. Abinda aka fi aunawa shi ne PM2.5, ƙananan ƙurar da faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba, tana shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta a 2021, ta ce matsakaicin shekara kar ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, na awa 24 kuma 15. Sannan ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke amfani da shi yana da kaloli da mutane da yawa suka riga suka saba da su, 0 zuwa 50 kore, 51 zuwa 100 ɗorawa, 101 zuwa 150 ruwan lemo, 151 zuwa 200 ja, sai shunayya daga 201 zuwa 300. Ba duk ƙasashe ke bin wannan ba, Turai da Indiya da Sin kowa da nasa, don haka ki tambaya wanne za ku bi kafin ki zaɓi kala ko ɗaya. Kuma kar ki dogara da kala kaɗai, akwai masu matsalar bambance ja da kore, maza sun fi yawa a ciki, ki haɗa da kalma ko alama. Ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafukan intanet ma ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, farin rubutu a kan ɗorawa ba zai taɓa kaiwa ba, na sha ganin an yi shi don yana da kyau a babbar kwamfuta, a fita rana da waya a kasa karantawa.

Shawarata ta ƙarshe, ki kama ɗaya daga cikin masu datan ku zauna minti talatin ta buɗe miki ainihin teburin ki gani da idonki, da gurabensa da shirmensa. Gani ya kori ji. Sannan ki zana da lambobin gaskiya, ba waɗanda kika ƙirƙiro don su zauna daidai ba.

ba_kyauta

Ni kam ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku biki. Duk kun tsallake babbar magana, BA BIYA. Wata uku, awa goma a sati, lissafa ki gani awa 120 da ɗoriya ne na rayuwarki. Wa ya mallaki abin in an gama? Ni an yi min, mu biyar ne muka yi wata huɗu muna gina wani abu wai na koyo ne na al'umma ne, repo ɗin yana akawun ɗin mutum ɗaya, sunan shafin shi ya yi rajista, ranar da abin ya fara motsi sai ya rufe repo ya canza fasuwod ya ce dama ra'ayinsa ne mu taimako muka yi. Ba takarda, ba saƙo ɗaya da zan nuna, har hotunan aikina ya ce kar in sa a fotfoliyo. Tun daga nan na yi hankali.

In dai za ki shiga toh ki sa a rubuta tun yau, ko a guruf ne, saƙo ɗaya kowa ya ce ya amince. Aikin buɗaɗɗe ne ko rufaffe? In buɗaɗɗe ne wane lasisi, MIT ne da ke barin kowa ya ɗauka ya yi abinda ya ga dama har kasuwanci muddin ya bar sanarwar haƙƙin mallaka, ko GPL ne da ke cewa wanda ya gina a kai ya rarraba dole shi ma ya buɗe nasa. Kuma ki sani in an sa kod a GitHub ba lasisi, ganinsa a fili baya nufin an ba kowa izinin amfani da shi. Repo ya kasance a akawun na ƙungiya mai admin fiye da ɗaya. Fayil ɗin Figma ki riƙe kwafinki. In kuma suka fara cewa ai nan gaba kamfani zai zama za a ba ki kaso, ki ce a rubuta nawa, in sun fara kame-kame kin samu amsarki.

Sannan mutum bakwai ɗin nan ki rubuta ki ajiye, zuwa sati na biyar uku ne za su rage.

tsohon_injiniya

Ɗan uwa maganar lasisi da akawun gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari, ni ma na manta ban faɗa ba. Amma ban yarda a tsorata ta da rashin biya ba. Yarinyar nan shekara biyu tana zane bata taɓa ganin injiniya ya gina abinta a gabanta ba, kuma duk inda za ta nemi aiki gobe tambayar da za a fara yi mata kenan, kin taɓa aiki da tim, ya kika yi da kuka saɓa da injiniya. Wannan ba a koyonsa a bidiyo. In tana da aikin kuɗi da zai tsaya saboda wannan toh sai a sake lissafi, in babu, awa 120 ɗin ba asara ba ce.

Raguwar mutane kuwa ba ƙarya ka yi ba, ana yi, maganinsa shi ne a yanka aikin ƙanana. A ce duk sati biyu sai an nuna abu mai aiki ko da shafi ɗaya ne na gari ɗaya ba hasashe ba komai, lambar yau kawai. In mutum uku suka ɓace a sati na biyar kuna da abu a hannu. Amma tim ɗin da ya ce masu data su gama tukuna, sannan dizain, sannan a gina, a haɗa a satin ƙarshe, wannan kam ni ma zan ce ta gudu.

mai_zanen_manhaja

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh kun buɗe min ido. Jiya da daddare na tattara ƙarfin hali na rubuta musu tambayoyin a guruf, wa ke yanke hukunci, wane lasisi, akawun ɗin wa, wane ma'auni za mu bi, kuma me za mu nuna nan da sati biyu. Na tura na kife wayar don kunya. Da safe na duba sai na ga ashe ba ni kaɗai ba ce a duhu, ɗaya injiniyan ya ce shi ma batun lasisin yana ransa ya rasa yanda zai faɗa, sun ce MIT, wanda ya buɗe repo ɗin ya mayar da shi na ƙungiya ya sa mutum uku admin. Ma'auni kuwa abin dariya, masu datan biyu ashe kowacce da wanda take zaton za a bi, har yanzu suna can suna musu. Maganar shugaba ce dai ba a gama ba, ƙawar tawa ta ce ita za ta riƙa tsara mitin amma ba ta so a kira ta shugaba.

Na ce musu na shiga. Ranar Laraba zan zauna da ɗaya mai datan ta nuna min teburin. Saura abu ɗaya, mu biyu ne masu dizain kuma ban san ɗayan ba sam, na leƙa aikinsa ya fi ni gogewa nesa ba kusa ba, ya za mu raba kar mu riƙa taka ƙafar juna ko in koma 'yar kallo?

yar_lissafi

Hahaha musun ma'aunin nan na san za a yi, ki bar su, gara yanzu da sati na goma. Ƙawar taki kuma a bar ta da sunan da take so, ku dai ku ce in an yi kwana biyu ana jayayya a kan abu maganarta ce ta ƙarshe, ku rubuta.

Ɗan uwan naki mai dizain ki riga shi magana, ki tura masa saƙo yau ku yi waya ta minti ashirin. Kar ku raba da cewa shi tsari ke kala, nan ne za ki koma 'yar kallo. Ku zauna tare rana ɗaya ku tsayar da kaloli da rubutu da maɓallai a fayil guda kowa ya riƙa ɗauka daga nan, sannan kowa ya ɗauki hanya ɗaya daga farko har ƙarshe, misali shi ya ɗauki shigowar sabon mutum da zaɓen gari da saituna, ke ki ɗauki shafin iskar yau da hasashen gobe tunda ke za ki ga datan ranar Laraba. Duk ƙarshen sati ku duba na juna kafin ku nuna wa sauran. Kuma in kin je wurin mai datan ki tambaye ta na'ura nawa ne suka yi shiru a watan da ya wuce, ki fara zana shafin da mutum zai gani in na'urar garinsa ce ta yi shirun.